Shanun Kawu Idi sun dawo, amma ina da tambaya

Habu Tela: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Barka da arziki ga Kawu Idi, shanun huɗarsa biyu da aka sace sun dawo turke jiya bayan la'asar. Ga 'yan'uwanmu da ke birni ba su ji yadda aka yi ba: Ishaya da mutanen unguwarsu ne suka bi sawu tun daga fadama, don ta bayan gonakinsu aka kora su, har suka gano gidan da aka ɓoye su. Sai Sale Dillali ya kira yaron da ya sace su a waya, ya ce yana da mahauci da zai saya ba tare da tambayar shaida ba, ya kawo su Wudil ranar Juma'a su haɗu a bayan kara. Yaro ya kawo su da kansa, 'yan sintiri da 'yan sanda na jiransa.

Abu biyu ne suka tsaya mini. Tun da aka ƙulla sintirin haɗin gwiwa da unguwar su Ishaya ta Kiristoci a gaban Dagaci wasu ke cewa bai halatta ba, har suna jan aya. Sannan Sale ƙarya ya shara ƙiri-ƙiri, amma kowa albarka yake sa masa, har Liman. Mu kuwa tun muna makarantar allo ake ce mana ƙarya alamar munafunci ce. Ina malamanmu? Wallahi ba tsokana nake yi ba.

Nura (mai kula da zaure): Kafin a fara, a tuna Ishaya da Bitrus suna cikin zauren nan. Wanda ya yi zagi zan cire shi, ko yayana ne.

Mansur: Wa alaikumus salam. Yaya Habu gara da ka taso da ita, ni ne mai jan ayar, ba sai an sakaya ba. Suratul Ma'ida aya ta 51 ta hana muminai su riƙi Yahudu da Nasara majiɓinta. Ali Imrana aya ta 28 ma haka. Kuma Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha cewa a hanyar Badar wani jarumi ya biyo Annabi (SAW) yana son ya yi yaƙi tare da su, aka tambaye shi ko ya yi imani ya ce a'a, Annabi ya ce ya koma, ba zai nemi taimakon mushiriki ba. A ranar Musulmi ɗari uku da 'yan kai ne, suna buƙatar kowane hannu, amma aka mayar da shi. Ishaya tare muka yi firamare, ba ni da komai da shi. Nassi ne dai ba ya duba fuska.

Ishaya: Ku ci gaba Mansur, ba komai. Mu ma an yi irin wannan gardamar a coci ranar Lahadi. In malamai sun gama zan faɗi namu.

Malam Na'ibi: Mansur, Allah ya ƙara ilimi. Ayoyinka daidai ne, hadisinka ingantacce ne. Amma ka koma farkon ita wannan Ma'idar, aya ta 5. Can aka halatta mana abincin ma'abota littafi da auren matansu masu kamun kai. Ka auri mace, ta haifa maka 'ya'ya, 'yan'uwanta su zama kawunnan 'ya'yanka, sannan a ce sura ɗaya ta hana ka haɗa kai da su a tsare garke? To ka san abin da aya ta 51 ke hanawa wani abu ne daban. Suratul Mumtahana ta raba gardamar a aya ta 8 da ta 9: waɗanda ba su yaƙe ku saboda addini ba, ba su fitar da ku daga gidajenku ba, Allah bai hana ku kyautata musu da yi musu adalci ba. Hanin yana kan waɗanda suka yaƙe ku suka kore ku. Jiɓintar da aka hana ita ce ka ba su zuciyarka a kan addini, ko ka zama ɗan bayansu a kan Musulmi.

Ka duba aikin Annabi (SAW) da kansa. Da ya dawo daga Ɗa'ifa, a ƙarƙashin kariyar Muɗ'im bin Adiyyi ya shiga Makka, mutumin kuwa bai musulunta ba har ya mutu. Annabi bai manta masa ba, bayan Badar ya ce da Muɗ'im na raye ya roƙe shi a kan fursunonin, da ya sake masa su. Ranar hijira, wanda ya nuna musu hanya shi da Sayyidina Abubakar mutum ne da ke kan addinin Ƙuraishawa, suka damƙa masa raƙumansu da sirrinsu. A sulhun Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, ƙabilar Khuza'a ta shiga ƙawancen Annabi alhali ba dukkansu ne Musulmi ba. Da Banu Bakar suka auka musu da dare da taimakon Ƙuraishawa, abin da ya jawo buɗe Makka ke nan a shekara ta 8, da runduna ta mutum 10,000. A wannan shekarar dai ya ari sulkuna wurin Safwan bin Umayya zuwa Hunaini, Safwan bai musulunta ba tukuna.

Mansur: Allah ya gafarta Malam, to ai ka ga inda nake cewa. Badar an mayar da mutum, Hunaini an karɓi sulke. Wanne za mu ɗauka? Kuma a mazhabarmu, littafin Muhtasar Halil cewa ya yi haramun ne neman taimakon mushiriki sai dai don hidima.

Malam Na'ibi: Haka yake a Muhtasar, amma a wane babi? Babin jihadi. Magana ce a kan wanda zai tsaya a sahun yaƙi ƙarƙashin tutar shugaban Musulmi. A nan malamai suka saɓa: wasu suka riƙe hadisin Badar, wasu suka ce abin da ya zo daga baya ya nuna an bar wa shugaba ya duba buƙata da amincin mutumin. Mu ba jihadi muke yi a fadama ba, tocila da gora muke ɗauka muna gadin shanu.

Mansur: To shi ne ma ya fi tsanani. Yaron da aka kama Musulmi ne, yana salla. An haɗa kai da waɗanda ba Musulmi ba a kan Musulmi ke nan.

Auwalu ɗan Kawu Idi: Yana salla ya kwance mana shanu ana saura kwana kaɗan a fara huɗa? Da ba su dawo ba da bana sai dai mu yi ƙodago a gonar wasu.

Malama Rabi: Mansur ƙanena, hadisin da ke cewa ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, da sahabbai suka tambayi yadda za a taimaki azzalumi, cewa aka yi ka hana shi zaluncin. Kama shi ɗin taimakonsa ne. Sannan ka karanta ƙarshen Anfal, aya ta 72. Musulmin da ba su yi hijira ba in sun nemi taimako a kan addini a taimake su, sai fa a kan mutanen da ke da alkawari da ku. Ka ga inda alkawari da wanda ba Musulmi ba ya tsayar da hannun Musulmi daga taimakon ɗan'uwansa. Ni wannan ayar ta fi ba ni tsoro a kan wadda ka kawo.

Sale Dillali: Jama'a ku bar maganar sintiri ku zo kaina. Malam, mene ne matsayina? In da kaffara in fara azumi tun gobe, don ni dai na ce masa akwai mahauci, kuma babu.

Habu Tela: Sale kai da ƙarya ai ba yau kuka saba ba, sai dai wannan ce ta farko da aka yi maka addu'a a kanta.

Sale Dillali: Allah ya isa Habu. Ɗinkin sallar da ka ce mini gobe-gobe tun azumi fa?

Malam Na'ibi: Sale, ba kaffara a kanka. Muslim ya kawo daga Ummu Kulsum 'yar Uƙba cewa ba a yi rangwame a faɗin abin da ba haka yake ba sai a wuri uku: yaƙi, da sulhunta mutane, da zancen miji da mata. Buhari da Muslim duka sun ruwaito cewa yaƙi ɗan zamba ne. Malamai sun haɗa da kuɓutar da rai ko dukiyar wanda aka zalunta daga hannun azzalumi. Da ka iya karkata magana ba tare da ƙarya tsagwaronta ba da ya fi. A hanyar hijira in aka tambayi Sayyidina Abubakar wane ne wannan da ke tare da kai, sai ya ce mutum ne da ke nuna mini hanya. Mai tambaya ya ɗauka ɗan jagora ne, shi kuwa hanyar shiriya yake nufi.

Amma kada ka ɗauki wannan ka kai kara ranar Juma'a mai zuwa. Annabi (SAW) ya tura hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, ya ce don me ba ka sa shi a sama mutane su gani ba, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Saniyar da aka ɗura wa ruwa da gishiri ta kumbura kafin mai saye ya zo, wannan babinta ke nan.

Habu Tela: Malam, a nan ne kaina ke ɗaurewa. Mutanen Asabar a Suratul A'araf an hana su kamun kifi ran Asabar, suka yi dabara, aka mayar da su birai. Annabi Ayuba (AS) ya yi rantsuwa zai yi wa matarsa duka, a Suratu Sad aka ce ya ɗauki damin ciyawa ya buga sau ɗaya kada ya karya rantsuwa. Wannan dabara, wannan dabara. Ɗaya azaba, ɗaya rahama.

Malam Na'ibi: Ka duba inda kowace ta nufa. Mutanen Asabar sun yi tasu don su kai ga abin da aka hana su. Ta Annabi Ayuba Allah ne ya ba shi ita, don a ɗauke cuta daga baiwar Allah da ta yi haƙuri da shi shekara da shekaru. Na kusa da mu ma akwai: a takardar zakka da Sayyidina Abubakar ya rubuta an hana a raba garken da ke haɗe ko a haɗa wanda ke rabe don gudun zakka. Mai shanu 30 da zai rubuta wa ɗansa biyu da baki ana gobe shekara ta cika, shi ma dabara ya yi, kuma ya san wa yake yi wa.

Mansur: Na yarda da wannan. Amma ƙissar Annabi Yusuf (AS) fa? A nan babu yaƙi. 'Yan'uwansa baƙinsa ne, ya sauke su, ya auna musu abinci, sannan aka sa ma'auni a kayan ƙaninsa, mai shela ya ce ya ku ayari lalle ku ɓarayi ne. Ba su saci ma'aunin ba. Kuma aya ta 76 ta ce Allah ne ya shirya wa Yusuf wannan dabarar. Ba ina cewa akwai karo a Alƙur'ani ba, Allah ya tsare ni, Nisa'i aya ta 82 ta rufe wannan ƙofar. Ina dai son a nuna mini yadda ta shiga ƙa'idar da Malam ya kafa.

Malam Na'ibi: Tambaya ce mai kyau, kuma masu tafsiri sun daɗe a kanta. Fara daga aya ta 69: kafin komai ya keɓe ƙanin ya ce masa ni ne ɗan'uwanka, kada ka damu. Wanda tuhumar za ta faɗa kansa ke nan ya san abin da ake ciki. Mai shela kuwa, wasu suka ce bai san shirin ba, ya ga ma'auni ya ɓace ya faɗi abin da ya zata. Wasu suka ce kalmar gaskiya ce ta wata fuskar, don sun taɓa sace Yusuf daga mahaifinsa. Sannan ka lura da bakin Annabi Yusuf kansa a aya ta 79. Da suka roƙe shi ya ɗauki ɗayansu a madadin yaron, bai ce wanda ya yi sata ba. Cewa ya yi ba za mu riƙe kowa ba sai wanda muka sami kayanmu a wurinsa. Ko a tsakiyar dabarar harshensa bai furta ƙarya ba. Kuma ba a ci dukiyarsu ba, ba a taɓa lafiyarsu ba, ƙarshenta ma gidan gaba ɗaya aka ɗauko daga yunwa.

Mansur: Mahaifinsu fa? Baƙin cikinsa ƙaruwa ya yi har idanunsa suka yi fari.

Malam Na'ibi: Ya ƙaru. Shi ya sa malamai da yawa suka ce da umarnin Allah aka yi, jarrabawar Annabi Yaƙub ce ake cikawa. Wanda wahayi ke sauka gare shi ya san inda abin zai ƙare. Ni da kai ba mu da wannan, don haka ba kowa zai sa wa ɗan'uwansa kaya a buhu ya ce sunnar Annabi Yusuf yake bi ba.

Ishaya: Malam, a ba ni dama. Abin da ya sa na ce mun yi gardamar nan, wani dattijonmu ne ya ƙi yarda da sintirin, ya karanto Maimaitawar Shari'a 7:2, inda aka hana Isra'ilawa ƙulla alkawari da mutanen ƙasar Kan'ana. Sai Fasto ya ce a buɗe Joshuwa sura 9. Mutanen Gibeyon suna nan kusa, suka ji tsoro, suka sa tsofaffin takalma masu faci, suka ɗauko busasshiyar gurasa mai fumfuna, suka ce daga ƙasa mai nisa muke, ku yi alkawari da mu. Shugabanni suka duba guzurin, ba su nemi nufin Ubangiji ba, suka rantse. Bayan kwana uku gaskiya ta fito. Jama'a suka yi gunaguni, shugabanni suka ce mun riga mun rantse da sunan Ubangiji, ba za mu taɓa su ba. Aka sa su saran itace da ɗiban ruwa, amma aka bar su da rai. Sura ta 10, sarakuna biyar suka taso wa Gibeyon, Joshuwa ya kwana yana tafiya da runduna ya je ya cece su. Can gaba a 2 Sama'ila 21 aka yi yunwa shekara uku a zamanin Dauda, dalilin da aka bayar shi ne Saul ya karkashe Gibeyonawa. Alkawarin da aka samu ta hanyar yaudara, da mutanen da aka hana a yi alkawari da su, amma karya shi ne ya jawo fari.

Ta ƙarya kuma muna da Rahab ta Yariko, da ta ɓoye 'yan leƙen asiri biyu a kan soro ta ce wa mutanen sarki sun riga sun fita. Ibraniyawa 11:31 ta yabe ta. Masananmu har yau ba su daidaita ba: wasu sun ce bangaskiyarta aka yaba ba ƙaryar ba, wasu sun ce wanda ya zo kisa ba shi da hakkin a faɗa masa gaskiya. Dattijon namu dai bai gamsu ba, amma ɗansa yana fita sintiri.

Malama Rabi: Ikon Allah. Ishaya, mu ma muna da irinta. Huzaifa bin Yaman da mahaifinsa Ƙuraishawa suka tare su a hanya, ba su sake su ba sai da suka yi alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Suka zo suka faɗa masa ana shirin Badar, ya ce su koma, za mu cika musu alkawarinsu mu nemi taimakon Allah a kansu. Muslim ne ya ruwaito. Mansur, Badar ɗin da ka kawo ce dai, an mayar da mushiriki, an kuma mayar da Musulmi biyu saboda alkawarin da aka yi wa mushirikai.

Garba Shugaban Sintiri: Tunda malamai sun halatta dabara, bari in faɗi abin da ke gabanmu. Yaron da aka kama ya ambaci infoman da ya nuna masa turken, ɗan garin nan ne, ba zan faɗi suna ba, ya gudu tun daren Juma'a. Shawarar da muka yanke ita ce a sa mahaifiyarsa ta kira shi ta ce Dagaci ya yafe, an kashe magana, ya dawo ba abin da zai same shi. Yana sauka daga mota mu damƙe shi.

Malam Na'ibi: Garba, a'a. Wannan ba irin ta Sale ba ce ko kaɗan. Sale ciniki ya yi masa tayi, bai ce masa ka zo ba abin da zai same ka ba, bai ba shi amana da sunan kowa ba. Kai kuwa aminci za ka ba shi da sunan Dagaci, ta bakin uwarsa. Imam Nawawi da ya zo sharhin hadisin yaƙi ɗan zamba ne, ya ce malamai sun haɗu a kan halaccin yaudarar abokin gaba a yaƙi, sai fa in akwai warware alkawari ko aminci a ciki, to bai halatta ba. Wannan a kan kafirin da ake yaƙi da shi ke nan. A Muwaɗɗa akwai wasiƙar Sayyidina Umar zuwa ga wani kwamandansa: ya ji labarin wasu na bin abokin gaba har ya haye dutse ya tsira, sai a ce masa kada ka ji tsoro, in ya sauko a kashe shi. Umar ya rantse duk wanda ya samu ya yi haka sai ya sare wuyansa. Imam Malik ya ce ba a aiki da kisan, amma ka ga girman abin a wurinsu. Anfal aya ta 58 ma cewa ta yi in ka ji tsoron ha'inci daga waɗanda kuka yi alkawari, ka jefa musu alkawarinsu a fili kowa ya sani, kada ka riga su ha'incin.

Garba Shugaban Sintiri: Allah ya gafarta Malam, ai ba Dagaci ne zai faɗa ba, tsohuwar ce.

Malama Rabi: Yaya Garba, ranar buɗe Makka Ummu Hani ta ba wani mutum mafaka, Sayyidina Ali ɗan'uwanta na son kashe shi, Annabi (SAW) ya ce mun ba da mafaka ga wanda kika ba. Amincin da mace ta bayar ma yana ɗaure jama'a. Kuma ka yi tunanin baiwar Allahn nan. Ita za ta zauna a garin nan da sanin da bakinta aka kamo ɗanta. Gobe in aka yi rikicin gona Dagaci ya aika a ce wa wani ya zo ba abin da zai same shi, wa zai zo?

Auwalu ɗan Kawu Idi: Wato shi ya ci amanar gari, ya ci tuwo a gidanmu ya je ya nuna turkenmu, mu kuma a ce mu riƙe masa amana? Malam ni wannan bai shige ni ba.

Malam Na'ibi: Auwalu, ban ce a ƙyale shi ba. Sunansa na hannun 'yan sanda, su neme shi. In kuna so a aika masa da gaskiya: ya dawo ya tsaya gaban Dagaci, ba wanda zai dake shi, amma hukuma za ta yi aikinta. In kun faɗi haka kuma, to ba mai ɗaga masa gora, ko kai.

Auwalu ɗan Kawu Idi: In aka faɗa masa haka ai ba zai dawo ba.

Malam Na'ibi: Mai yiwuwa.

Ishaya: Shugaba, in da wancan shirin za a bi, mutanenmu ba za su tsaya a tasha ba. Gara in faɗa tun yanzu kada a ce mun janye ba sanarwa.

Garba Shugaban Sintiri: To na ji. Ban yarda duka ba, amma gobe bayan sallar asuba zan je wurin Dagaci da Malam, abin da ya yanke shi ke nan. Kada kowa ya je gidan tsohuwar kafin nan.

Mansur: A kan infoma ina tare da Malam ɗari bisa ɗari. A kan sintiri kuwa har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba, zan kai tambayar wurin malaminmu a Kano in dawo muku da abin da ya ce. Kafin nan a bar sunana a jerin masu ba da kuɗin batir, a cire shi daga na fita.

Nura (mai kula da zaure): An cire. Na daren yau: Habu, Auwalu, Bitrus da Ɗanjuma ku ne a mashigar fadama, Sale da yaran Garba bakin makarantar firamare. Wanda tocilar sintiri ke hannunsa tun ran Laraba ya kawo ta shagon Habu kafin magariba.